Taswira a waya da maganar "turo min lokeshan": tambayoyi da amsoshi

Tunda mutane suka fara barin kwatance irin na da, wato ka wuce gidan mai ka sha kwana ta biyu za ka ga wani mai shayi, suka koma turo min lokeshan kawai, tambayoyi kusan iri ɗaya ne suke ta yawo, shi yasa na tattara su wuri guda. Kafin ka fara karantawa ka riƙe abu ɗaya, abin da kake gani a fuskar wayar nan ba abu ɗaya bane, uku ne aka ɗora kan juna: akwai ɗigon shuɗi da yake nuna inda kake, akwai zanen tituna da hoton ƙasa da yake ƙarƙashinsa, sannan akwai bayanan da aka liƙa a sama kamar sunan shago da cunkoson motoci. Kowanne da inda yake fitowa, kuma kowanne yana iya yin kuskure shi kaɗai ba tare da sauran ba.

Wai ya ake yi waya take sanin inda nake?

Taurarin ɗan adam ne na GPS, mallakin gwamnatin Amurka, suna can sama wajen kilomita 20,200 kuma kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana. Aikinsu guda ne, kullum suna ta watso saƙo da yake cewa ni ne wane, ga inda nake, ga lokaci daidai. Wayarka sai ta saurara ta lissafa tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso mata, daga nan ta san nisan da ke tsakaninta da tauraron, in ta samu guda huɗu ko sama da haka toh ta gama gano inda take a doron ƙasa. Lissafin lokacin nan fa ba na wasa bane, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana jefa ka wajen mita 300 daga inda kake, shi yasa agogon da ke cikin taurarin na musamman ne.

An harba na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995, kuma asali na soja ne. Har zuwa watan Mayun 2000 da gangan ake gurɓata siginar da farar hula suke samu, sai a lokacin Bill Clinton aka cire wannan takunkumin. Yanzu kuma ba Amurka kaɗai ba ce, Rasha tana da GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, Sin tana da BeiDou wanda ta kammala a 2020, kuma yawancin wayoyin yanzu har da masu araha suna sauraren fiye da ɗaya a lokaci guda, mu dai duk GPS muke ce musu.

Kenan tauraron yana kallona?

A'a. Wayarka saurare kawai take yi, bata aika wa tauraron GPS komai ba, shi kuma ba shi da kyamarar da zai kalle ka bai ma san kana duniya ba. Wanda yake sanin inda kake shi ne manhajar da ka ba izini a wayarka, ita ce take karɓar lambobin ta tura wa kamfaninta ta intanet. Sai kuma kamfanin layinka, wanda dole ya san eriyar da wayarka take maƙale da ita, in ba haka ba ta ina kira zai same ka.

Sai da data yake aiki?

Ɗigon shuɗin baya buƙatar data ko kaɗan, ko cikin daji kake babu sabis in dai waya tana ganin sama za ta gano inda take, illa dai tana iya ɗan jimawa saboda da data ne take saurin sanin taurarin da ke samanta a lokacin. Abin da yake cin data shi ne zanen taswirar, shi yasa wani lokaci za ka ga ɗigonka tsaye a kan fili fari fat ba titi ba suna, ba wai GPS ɗin ne ya lalace ba, taswirar ce bata sauko ba.

Maganinsa ka sauke taswirar yankin tun kana gida. A Google Maps in ka danna hotonka da ke sama akwai wajen sauke taswira don amfani ba intanet, ka zaɓi yankin ka sauke, za ta ja ka a mota har inda za ka amma ba za ta nuna maka cunkoso ba, kuma tana tsufa sai ana sabunta ta. Akwai kuma Organic Maps da OsmAnd waɗanda dama don rashin netwok aka yi su, ni a wurina duk mai yawan tafiyar ƙauye ya kamata ya ajiye ɗaya daga cikinsu ko da baya buɗe ta kullum.

Me yasa wani lokacin ɗigon yake nuna ni a wata unguwa daban, ko ya dinga tsalle?

Ka lura da wata da'ira mai haske-haske da take kewaye da ɗigon, mutane da yawa basa kula da ita alhali ita ce wayar take faɗa maka gaskiya da ita, ma'anarta ina cikin nan wurin amma ban tabbatar da daidai ina ba. In da'irar ƙarama ce toh ta kama taurari sosai, a fili babu abin da ya tare sama kuskuren baya wuce 'yan mitoci kamar biyar haka. In kuma ta yi faɗi ta cinye unguwa guda toh da eriyar waya ko wayfay na kusa take kintace, kuma a ƙauye inda eriya ɗaya take ɗaukar gari da yawa kintacen yana iya kaucewa da kilomitoci.

Siginar tauraron rauni ne da ita, rufin kwano da rufin kankare da ginin bene duk suna tare ta, a tsakanin dogayen gine-gine kuma sai ta bugi bango ta dawo sannan ta iso wayar, lissafi ya rikice ɗigo ya tsallaka titi. Saboda haka kar ka tura wa mutum lokeshan kana kwance a ɗaki ko kana can cikin rumfunan kasuwa, fito ƙofar gida ka tsaya kamar rabin minti da'irar ta tsuke tukunna, wannan kaɗai zai rage rigimar da ake yi da masu kawo kaya.

Kibiyar tana nuna gabas ni kuma yamma na fuskanta, kuma manhajar alƙibla kullum da inda take nunawa

Wannan ba laifin GPS bane, wani ɗan kamfas ne a cikin wayar da yake aiki da maganaɗisun ƙasa, kuma ƙarfe yana ruɗa shi, mota, rodin gini, lasifika, har murfin waya mai maganaɗisu. Ka matsa daga jikinsu ka riƙe wayar ka juya ta a iska kamar kana rubuta lamba 8 sau uku ko huɗu zai daidaita. Wasu ƙananan wayoyin ma babu kamfas ɗin gaba ɗaya, su sai ka fara tafiya suke gane inda ka dosa.

Maganar alƙibla kuma, daga Kano tana wajen digiri 68 ne in aka fara ƙirga daga arewa, wato gabas amma an ɗan karkata zuwa arewa, lissafin da manhajar take yi daidai ne, inda ake samun matsala wajen kamfas ɗin ne. In kana baƙon wuri ka gwada a wuri biyu ko uku ka ga ko sun yi daidai da juna, in da masallaci kusa kuwa ai magana ta ƙare.

Na duba gidanmu ta sama na ga har yanzu fili ne alhali mun yi shekara biyu da tarewa

Hoton ba kai tsaye bane, tsohon hoto ne da aka ɗauka wata rana aka ajiye, Google ma saye take yi a wajen kamfanoni irin su Airbus. Manyan birane ana sabunta nasu akai-akai, ƙananan garuruwa kuma hoto yana iya shekaru ba a taɓa shi ba. A Google Earth akwai wajen duba tsofaffin hotuna shekara bayan shekara, abin sha'awa ne mutum ya duba gefen gari ya ga yadda gonaki suka koma unguwanni. Duk wanda yace maka zai nuna maka gidanku kai tsaye ta tauraro a wayarsa har ka ga wanda yake shiga da fita, labari yake ba ka.

Ja da kore da ruwan lemo a kan titi fa, wa yake faɗa musu akwai goslo?

Wayoyin mutanen da ke kan titin ne. In wayoyi da yawa suna tafiya da gudu sai a shafa kore, in suna jan ciki ruwan lemo, in sun tsaya cak ja, ja mai duhu kuwa ka nemi wata hanya kawai. Wani mai fasaha a Berlin sunansa Simon Weckert ya taɓa zuba wayoyi 99 a ƙaramin kura yana ja a ƙafa a kan titin da babu kowa, taswira ta shafa wa titin ja. Toh ka ga ba ido gare ta ba, ƙirge take yi, shi yasa a Legas ko Abuja launin yake yawan yin daidai, a hanyar da masu kunna lokeshan basu da yawa kuma ko dai babu launin sam ko kuma kar ka dogara da shi.

Me yasa lungunan unguwarmu basu fito ba, wasu sunayen ma ba haka muke kiransu ba?

Saboda taswira mutane ne suke cika ta, ba daga sama take saukowa a cike ba. Kwamfuta tana iya gano titi daga hoton tauraro amma bata san sunansa ba, bata san lungun nan baya ɓullewa ba, bata san an daina kiran wurin da sunan da ke takardar gwamnati tun tuni ba. Inda masu gyara suka yi yawa taswira tana kyau, inda babu sai a bar ta yadda take, mu kuma gaskiya mun fi yawa a masu amfani, masu gyarawa kaɗan ne. Street View ma, wato hoton titi da mota take bi tana ɗauka, tun 2007 aka fara shi amma sai 2017 ya zo Legas.

Kuma ba wai abin baya yiwuwa a wurinmu bane. Lokacin yaƙi da shan inna a arewacin Najeriya sai da aka zauna aka zana taswirar ƙauyuka da rugage daga hoton tauraro saboda tsofaffin taswirorin hannu suna tsallake garuruwa, aka kuma ba ma'aikatan rigakafi wayoyi masu GPS a jaka, da yamma a duba a ga inda ƙafarsu ta taka da inda bata taka ba, ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano tana cikin waɗanda suka yi aikin. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali.

Kai ma kana iya gyarawa. A Google Maps akwai wajen ƙara wurin da babu ko gyara suna, sai su duba su amince. OpenStreetMap kuma, wadda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, kowa yana iya buɗe akawun ya zana titin unguwarsu da hannunsa, kuma daga ita Organic Maps da OsmAnd suke ɗauka. Don Allah dai banda shirme, masu sa wa gidansu suna fadar wane ko su maida kangon maƙoci otal suna ɓata wa kowa aiki ne.

Gidanmu babu lamba titin babu suna, ya zan yi in tura wa baƙo?

Kar ka rubuta masa sunan unguwa yaje yana nema, Sabon Gari nawa ne a ƙasar nan, Tudun Wada nawa ne, taswira tana iya ɗaukarsa ta kai shi na wani garin. Ka buɗe taswira ka matso da hoton sosai har ka gane rufin gidanku, ka danna ƙofar gidan ka riƙe, jar alama za ta fito, ita za ka tura. Wannan ya fi ma lokeshan ɗin da waya take kintata da kanta saboda kai ka zaɓa da idonka.

Alamar tana zuwa da lambobi biyu, na Kano kusan 12.00 da 8.52 ne, ta farko nisanka zuwa arewa daga layin da ya raba duniya arewa da kudu, ta biyu nisanka zuwa gabas daga layin da ya ratsa Landan, duka a ma'aunin digiri. Digiri ɗaya wajen kilomita 111 ne, saboda haka kar ka yanke lambobin bayan ɗigo, guda biyar suna kai mutum cikin mita ɗaya ko biyu, guda biyu kacal kuwa sun bar shi da yawon kilomita. Kar kuma ka juya su, in ka sa 8.52 a gaba 12.00 a baya ka bar Kano ka faɗa wajajen Ganye a jihar Adamawa.

In lambobin sun yi maka tsawo akwai Plus Code, gajeren haɗin haruffa da lambobi mai alamar tarawa a ciki, yana nuna fili kamar mita 14 a kan 14, ana iya rubuta shi a katin biki ko a jikin shago ko a tura ta tes ga mai ƙaramar waya ya ba direba. Akwai what3words da ta yanka duniya mita 3 a kan 3 kowanne da kalmomi uku. 'Yan uwa na Gana kuma suna da GhanaPostGPS tun 2017.

A WhatsApp akwai lokeshan iri biyu, wanne zan zaɓa?

Na farko inda kake a wannan lokacin ne, ya tafi shikenan ko ka tashi alamar tana nan. Na biyu mai motsi ne yana bin ka duk inda ka yi na tsawon minti 15 ko awa 1 ko awa 8, kai ka zaɓa, kuma kana iya tsayar da shi. Mai kawo kaya ko baƙo na farkon ya ishe shi. Na biyun na tafiya ne, ka shiga motar haya da daddare ko 'yarka ta hau adaidaita zuwa wata unguwa mai nisa, a tura wa mutum ɗaya na gida. Kar a tura shi a guruf, mutum ɗari biyu basu da buƙatar sanin inda kake har awa takwas. Kuma in sabis ya ɗauke alamar tana tsayawa a inda ta tsaya, na gida su duba lokacin da aka rubuta a ƙasanta kafin hankali ya tashi.

In bi duk hanyar da ta nuna min?

A cikin gari mafi yawanci eh. A doguwar tafiya kuwa a'a, ba tare da tambaya ba. Ita lissafinta nisa da minti ne, bata san hanyar da ba a bi bayan la'asar ba, bata san gada ta karye da daminar bana ba, bata san wannan layin da ta gani a hoto burtali ne da sai babur ba. Direban da yake lodi a tasha kullum ya fi ta sanin halin da hanyar Birnin Gwari take ciki yau, nesa ba kusa ba. In ta ce ga wata hanya da za ta rage maka minti ashirin ta cikin daji kuma ka ga babu motar haya ko ɗaya da take shiga, ka zauna a kan babban titi. Lokacin isa da take bayarwa ma bata sa shingayen hanya da ramuka da tsayawa sallah a ciki ba, ka ƙara naka.

Ana iya gano inda mutum yake da lambar wayarsa kawai?

Kai da ni ba za mu iya ba. Kamfanin layi ne yake da wannan bayanin, jami'an tsaro kuma ta wurinsu suke bi. Shafukan da suke cewa sa lamba ka ga inda budurwarka ko wanda kake bi bashi yake, ko talla za su cika ka da ita ko su sace bayananka ko su karɓi kuɗinka. Wanda ake yi da gaske shi ne a turo maka link ka danna ka ba da izini da hannunka, ko wani ya ɗauki wayarka ya kunna rabawa baka sani ba, shi yasa yana da kyau lokaci-lokaci ka leƙa wajen raba lokeshan a Google Maps ka ga ko akwai sunan da baka sa ba.

Wayar da aka sace kuma, in akwai akawun ɗin Google ko na Apple a kanta kuma tana kunne kana iya ganinta a taswira daga wata wayar, ka kulle ta ko ka goge komai. Ka danna *#06# yau ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a takarda ka ajiye. In ka ga alamar a wani gida kar ka kwashi abokai ku tafi, ka tuna da'irar nan, tana iya zama gidan maƙocinsa ne, ka kai wa 'yan sanda.

Wace manhaja zan ba izini?

Taswira da masu kawo mota ko abinci suna da dalili, su ma ka zaɓi lokacin da kake amfani da su kawai. Tocila ko gem ko manhajar gyaran hoto me za su yi da inda kake kwana. Daga Android 12 da iOS 14 akwai zaɓin ba da yanki kawai a maimakon daidai wurin, manhajar yanayi da ta lokutan sallah wannan ya ishe su.

Hotuna ma suna ɗauke da wurin da aka ɗauke su in ka kunna wa kyamara. WhatsApp yana gogewa in ka tura a matsayin hoto, amma in ka tura a matsayin fayil yana tafiya da shi. A ƙarshen 2017 manhajar motsa jiki ta Strava ta nuna taswirar inda masu amfani da ita suke gudu, sai ga zanen sansanonin soja a Siriya da Afganistan ya fito ɓaro-ɓaro saboda sojoji suna zagaye da ita a kunne, babu wanda ya yi kutse, kowa da hannunsa ya bayar.

Zan iya auna gona ko fili da ita?

Don ka san ko gonar ta kai hekta biyu saboda lissafin taki da iri, eh, ka zagaya da manhajar awo ko ka zana a kan hoton. Don iyaka tsakaninka da maƙoci ko takardar fili kuwa a'a, kuskuren mita uku zuwa biyar a fuloti mai ƙafa 50 a kan 50 ai ya cinye kashi ɗaya cikin biyar zuwa kusan ɗaya cikin uku na faɗinsa. Safiyo na'urarsu daban ce tana kaiwa santimita, kuma ita hukumomin filaye irin su KANGIS da KADGIS da AGIS suke aiki da ita.

Zan yi tafiya waje, akwai abin da zan shirya?

Mai zuwa aikin Hajji ko Umara ya sauke taswirar Makka da Madina tun a gida, yana isa masauki ya tsaya a bakin ƙofa ya ajiye alama, haka a Mina, domin tantunan kamarsu ɗaya kuma netwok yana nauyi saboda yawan jama'a. A yi wa tsofaffi wannan a wayarsu, a kuma rubuta musu a takarda su sa a jaka ko da caji ya ƙare.

'Yan kasuwa masu zuwa Guangzhou kuma su sani Google Maps a toshe take a Sin, ko ka samu ta buɗe za ka ga titi da hoton basu hau kan juna ba saboda dokar ƙasar ta sa ana karkatar da lambobin taswira. Amap ko Baidu Maps ake amfani da su a can, mai iPhone kuma taswirar Apple tana yi masa aiki. Ka sa wanda zai karɓe ka ya turo maka adireshin da rubutun Sinanci ka nuna wa direba.

Tana shan caji da yawa, ya zan rage?

Hasken fuskar waya da data su suka fi sha, ba sauraren tauraron ba. Ka sauke taswira tun farko, ka rage haske, ka bar hoton tauraro ka koma zanen tituna wanda ya fi sauƙi, in hanyar miƙaƙƙiya ce ka kashe fuskar ka bar muryar tana faɗa maka kwana. A mota kar ka ajiye ta a gaban gilashi rana tana dukanta ga caji a jiki, zafi zai sa ta rage gudu ko ta daina cajin ma gaba ɗaya, ka nema mata wuri kusa da iskar esi ko inda inuwa take.